Za A Ɗauki Allon Malam Ɗalha

Tun da yarinyar ta yi sallama Tasalla ba ta yarda da ita ba. Gaisuwarta ta yi yawa, ga idonta ba ya zama wuri ɗaya. Sunanta Rumaisa, wai tana digiri na biyu a jami'a, tana bincike kan zayyana, adon nan da ake yi wa allon mai saukar karatu. Wanda ya turo ta kuwa shi ne Basharu, yayan Tasalla da ke zaune a Kalgo. Wannan kaɗai ya isa a tsargu.

Allon na mahaifinsu ne, Malam Ɗalha, da hannunsa ya zayyana shi. Da ya rasu, Basharu ya kwashi littattafai da buzu da tasbaha ya yi Kalgo da su. Allon nan kaɗai Tasalla ta tsira da shi, yana rataye a ɗakinta a Gwandu. Ba sallar da Basharu zai zo bai ɗaga kai ya dube shi ba, ya ce ɗakin nan da danshi.

Rumaisa ta nemi a sauko da shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya bayansa, har da sunsunawa. Sai tambayoyi. Wane icce ne? Tawadar da ƙaro aka haɗa ta? Akwai wanda ya taɓa zuwa ganinsa? Ta ciro abin awo ta auna tsawo da faɗi. Tasalla na gefe tana kallo, a ranta ta ce mai son gani kawai ba ya awo.

"Inna, wannan ba ƙaramin abu ba ne," in ji Rumaisa. "Ban taɓa ganin irin wannan hannun ba. Yau ban zo da shiri ba. Zan dawo da kayan aiki in ɗauke shi da kyau, a ajiye a jami'a, duniya ta san Malam."

"Ki ɗauke shi?"

"In kin yarda, Inna."

Tasalla ta ce Allah shi kai mu. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, ita kuwa yarinyar ta fita tana zuba godiya kamar an ba ta.

Bayan kwana biyu Basharu ya bugo waya.

"Tasalla, ran Laraba yarinyag ga na zuwa ta ɗauki allon Baba. Ni zan kawo ta da mota. Na riga na ba ta magana, kak ki kunyata ni."

"Yaya, mi na yi maka? Shi kaɗai ag gare ni."

"Ke dai ba ki rabo da rigima. Wa ya ce wani abu za shi same shi? Sai mun iso." Ya kashe wayar.

Mota! Tasalla ta zauna bakin gado ranta ya ɓaci. Ta tuna maƙwabciyarsu da wasu masu takarda suka ari tsohuwar taskirar kakarta don baje koli, har yau shiru. Ta yi tunanin ɓoye allon, amma a gidan nan aka haifi Basharu, ba lungun da bai sani ba, ita kuma ba ta taɓa iya kallon idonsa ta yi masa gardama ba. Sai dabara ta zo mata, irin wadda tsoro ke kawowa. Ai ba iccen suke so ba, zanen suke so. In ba zane, za su bar mata allonta.

Ran Laraba da hantsi ta ɗumama ruwa, ta ɗauko sabuwar ƙwarya. Tawadar ta tsufa, da ƙyar ta saki. Tana gogawa da tafin hannu tana hawaye, launuka na gangarowa suna haɗewa har ruwan ya koma kamar na jiƙo. Da yake akwai ayoyi a ciki ba a zubarwa, sai ta yi bisimilla ta shanye tas. Ta goge baki, ta ji wani irin sanyi a ranta. Yanzu wanda ya isa ya zo ya ɗauka.

Bayan azahar suka iso. Basharu ya shigo da wata doguwar jaka, Rumaisa na biye da shi da wata. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a tsakar gida, ta kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku, ta ɗora kyamara a kai.

"Wanga fa na mine ne?" in ji Tasalla.

"Na ɗaukar ne, Inna. Waya ba ta fitar da launi yadda yake. Yanzun nan zan gama ki mayar da abinki ɗaki. Zan ma wanko miki hoton babba ɗaya ki rataya."

Tasalla ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Basharu ne ya shiga ɗakin ya fito da allon, fari fat, bai ma gama bushewa ba. Ya dube shi, ya dubi ƙanwarsa, ya ajiye shi a kan baƙin ƙyallen.

Rumaisa ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago idonta ya yi ja, amma ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona wa Tasalla rai ke nan. Ta ciro farar takarda da alƙaluma masu launi, ta matso kusa.

"Ba komai, Inna. Ke kin san shi fiye da kowa. Ki faɗa mini, ni kuma in zana. Mu fara da tsakiya. Da'irar nan, ja ce ke kewaye da ita ko kore?"

Tasalla ta rufe ido. Tun rasuwar Malam ba safiyar da ba ta dubi allon nan ba. Ta ƙara runtse ido sosai.

"Ja," ta ce. Sai ta girgiza kai. "A'a, tsaya tukuna."