Iyalin Inno

Inno ta fizge kwalin daga hannun ɗanta Zaharadden tun tawadar ba ta bushe ba. A kan rufin gidansu na unguwar Nuzla ta same shi, tsugune tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, yana ta zana manyan baƙaƙe da ƙaton alƙalami. Boko bai taɓa damunta ba, amma Larabci kam tana karantawa sarai, a nan Jidda aka yanke mata cibiya. Rubutun ya ce: mu ma mutane ne.

"Ina za ka da wannan?"

"Kin san inda za ni, Inno."

Ta sani mana. Mako guda ke nan ba a yi wata hira a gidan ba sai ta sabon gidan gahawar nan na bakin teku. Zaharadden da abokin aikinsa Badaru su suka ɗaura duk na'urorin sanyaya wurin, suna shiga ta ƙofar baya da sassafe, suna fita jiƙe da gumi. Da aka buɗe, ranar Alhamis da yamma, sai ya goge farar jallabiyarsa, ya fesa turare, suka tafi su ma su sha gahawa kamar kowa. Mai gadi ya nuna musu allon da ke bakin ƙofa: bisa dokar hukuma, yammacin ƙarshen mako na iyalai ne kaɗai, saurayi ba ya shiga sai tare da matan gidansu. Da Zaharadden ya tsaya yin bayani, mai gadin ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya tura shi baya a gaban jama'a, ya ce masa yaro.

"Shekarata ashirin da biyar, Inno. Sanyin da suke sha a ciki ni na haɗa shi da hannuna. Yaʿni da safe ni gwani ne, da yamma ni ɗan iska ne? Halas, ya isa. Shabab, samari irina, da yawa sun ce za su zo, za mu tsaya a ƙofar kawai, ba faɗa."

"Ba faɗa," in ji Inno. "Kai kaɗai za ka tsaya, in gaya maka. Masu cewa za su zo ɗin nan, da sun ji jiniya sai dai ka ga ƙeyarsu."

Tsoro ne ya kama ta, ba kaɗan ba. A ƙasar nan ba a ɗaga kwali a titi a kwana gida. Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, tana ƙarƙashin kafili, ubangidan da ya tsaya masa, kafilin kuma ba ya son ko sunansa ya gifta ta ofishin 'yan sanda. In aka kama yaron nan, ƙarshenta a sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, shi da ko gaisuwar dattijo ba ya iya kai wa ƙarshe da Hausa sai ya zame cikin Larabci. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne gaskiyarsa ce. Ta dube shi, ya kafe ido a ƙasa, jijiyar wuya a tsaye, sak marigayi ubansa. Ta san in ta yaga wannan kwalin, wani zai samo a shagon Bayamanen da ke ƙasan gidansu.

"Iyali suka ce suna so, ko?"

"Haka allon ya ce."

"To a kai musu iyali. Kira min Nawaf. Kira Mahmud. Ka kira tagwayen unguwar Hindawiyya, ka ce su yi wanka su sa kayan kirki, bayan la'asar ina nemansu."

A zamanin ƙuruciyarta Allah ya yi wa Inno baiwar nono, har matan unguwa suna tsokanarta. Lokacin da take goyon Zaharadden, uwar gidan da take yi wa girki, Jawahir, ta kwanta ciwo bayan haihuwa, sai aka miƙo mata Nawaf. Mahmud ɗan maƙwabciyarta ne, Bayamaniya, wadda ta rasu ta bar shi cikin tsumma. Da ta haifi Najwa kuma, wata 'yar Indunusiya mai sayar da turare a kasuwar Balad ta haifi tagwaye, nono bai ishe su ba, Inno ta riƙa karɓar ɗaya tana miƙa ɗaya. A shari'a duk 'ya'yanta ne, ba wasa ba. Kowace Sallah sai sun zo sun sumbaci goshinta, Najwa kuma ba ta lulluɓi a gabansu, sai ma ta aike su sayo mata kati.

Nawaf ne ya fara isowa da ƙatuwar motarsa, wadda da ƙyar ta shiga lungun. Da ya ji shirin sai ya tuntsire da dariya har yana buga sitiyari.

"Wallahi ya Ummi, ke ya kamata a ba hukumar!"

"Rufe min baki ka buɗe min ƙofa, gwiwata ba ta son tsayuwa."

Ta sa sabuwar abayarta da ta sha turaren wuta, ta zauna gaba. Samarin suka cushe a baya. Badaru ma ya biyo su, ya lafe a can kusurwa yana ta sunkuyar da kai. Shi daga Maraɗi ya zo shekaru kaɗan da suka wuce, ba uwa ba ƙanwa a ƙasar nan, sai ladabi kamar ya yi yawa. Duk unguwa an san abin da ke kawo shi gyaran fankar gidan Inno, fankar da lafiyarta lau: Najwa yake so, bakinsa ne bai buɗe ba tukuna.

A bakin gidan gahawar, samari ne jere jikin shingen ƙarfe, wasu zaune kan motocinsu, suna kallon masu shiga ta cikin gilashi. Iskar teku tana kaɗa musu jallabiyoyi. Inno ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa ba gaggawa, 'ya'yanta na biye da ita: baƙi, fari, wankan tarwaɗa, da tagwaye masu ƙananan idanu. Hirar da ake yi a jikin shingen ta tsaya.

Mai gadi ya ɗaga hannu. "Iyalai kaɗai, ya Hajja."

"Ai shi ya sa na zo da nawa."

Ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya gane Zaharadden, ya yi murmushin raini. Inno ta ji numfashin ɗanta ya sauya a bayanta, sai ta miƙa hannu baya ta damƙe masa tsintsiyar hannu ba tare da ta juya ba.

"Kira min babbanka," ta ce. "Ba da kai zan yi ba."

Manajan ya fito, wani mai furfura a gemu, sunansa Abdulmohsen a rubuce a ƙirjin rigarsa. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe ta da girmamawa, ya saurare ta har ta gama.

"Ya Khala, ba ni na kafa dokar ba, ni ma bi nake yi. In sun zo dubawa suka sami shabab a ciki, rufe min wuri za su yi. Ina katin iyali?"

"Nono ba shi da kati. Ni na shayar da su, dukansu."

Ya yi ɗan tari, ya rage murya. "Kada ki ji haushi, ya Khala. Kullum muna gani, yara su sami tsohuwa a hanya su roƙe ta, ko su ɗan ba ta wani abu, ta shigo da su a matsayin 'ya'yanta."

Maganar ta soki Inno har ƙashi. Ita za a ce an yi haya? Ita da ta kwana zaune da yaran nan lokacin haƙori, ta san wanda ke cizo da wanda ke barci da nono a baki? Kafin ta buɗe baki, Nawaf ya riga ya zaro waya. Dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya kira mahaifiyarsa, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya gaya mata abin da aka ce.

Muryar Jawahir ta fito kamar an kunna rediyo a kasuwa. "Wa ya ce haka? Ba ni shi! Wata bakwai ina kwance ban san inda kaina yake ba, matar nan ce ta raya min ɗa. Naman jikinsa nononta ne. Kai wane ne da za ka raba abin da Allah ya haɗa? Kana da uwa kuwa?"

Wani daga cikin samarin shinge ya yi tafi, wasu suka kama. Abdulmohsen ya share gumin goshinsa. Dokar ta ce iyali, shi kuma ba zai tsaya a bainar jama'a ya ce shayarwa ba zumunta ba ce, ko yaro ɗan makarantar allo ya san hukuncin. Ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna.

"Ki yafe ni, ya Khala. Bismillah, ku shiga."

Ya matsa gefe da kansa. Nawaf ya wuce, Mahmud ya wuce, tagwaye suka wuce suna taɓa juna da gwiwar hannu. Zaharadden ya wuce ta gaban mai gadin, kafaɗa a miƙe, ko kallonsa bai yi ba. Saura Badaru.

"Wannan fa?" in ji manajan. "Shi ma ya sha?"

Nawaf ya raɗa mata a kunne, "Ki ce eh, Ummi, wa zai sani?"

Inno ta dubi Badaru. Ta tausaya wa yaron, amma nono ba abin yi wa ƙarya ba ne. In ta faɗa a gaban shaidu cewa ta shayar da shi, ta mai da shi wan Najwa ke nan, aure ya haramta. Ashe Badaru ya riga ta wannan lissafin.

"A'a! Wallahi ban sha ba!" Ya ɗaga hannu biyu, ido a waje. "Ko ɗigo ban sha ba, Inno, ki gaya masa!"

Tagwayen suka fashe da dariya, Mahmud ya riƙe ciki. Badaru da bai taɓa ɗaga murya a gabanta ba, yau ga shi ya faɗi abin da ke ransa a bakin titi. Kunya ta rufe shi, ya ja da baya ya koma jikin shinge cikin sauran samarin.

Aka kai su wani dogon teburi kusa da gilashi. Sanyi ya ratsa Inno, ta zauna ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta yi hamdala a zuci. Ba kwali, ba jiniya, ɗanta ya shiga ta ƙofar gaba, yau zai kwana a gida. Samarin suka ja kujeru suna hayaniya. Zaharadden kaɗai bai zauna ba. Ya ɗaga kai ya dubi na'urorin da ya ɗaura, suna aiki shiru yadda ya bar su. Sannan ya juya ya dubi waje, inda Badaru ke tsaye da hannu a aljihu yana kallon teku don kada a ga fuskarsa.

"Zauna mana," in ji Inno.

"Na shiga, Inno. Kin shigo da ni, Allah ya saka miki." Ya sunkuya ya sumbaci goshinta. "Amma shi ba shi da Inno a ƙasar nan. Rabin waɗancan ma haka. Tare muka ɗaga injinan nan, ba zan sha ina kallonsa ta gilashi ba."

"Kai, kada ka je ka..."

"Ba abin da zan ɗaga. Tsayuwa kawai, ai ba a hana tsayuwa ba."

Ya tafi. Wannan karon ba wanda ya tura shi, da ƙafarsa ya fita, mai gadin ma har da matsa masa hanya. Ya je ya jingina da shinge, kafaɗarsa na gogar ta Badaru. Mahmud ya dubi Nawaf. Nawaf ya yi tsaki, ya ce wannan wane irin wa ne Allah ya haɗa shi da shi, ya ture kujera ya miƙe. Tagwayen suka bi bayansu, ɗaya yana waiwayen kek ɗin da ke cikin gilashi.

Inno ta rage ita kaɗai a dogon teburi. Ta so ta ji haushi, duk wahalar gwiwar nan da turaren da ta ƙona, amma haushin ya ƙi zuwa. Sai ma ta ja gefen mayafi ta goge ido.

Ma'aikacin wurin ya iso da ɗan littafinsa, ya dubi kujerun da ba kowa. "Hajja, ina iyalin naki?"

"Ga su can," ta nuna shingen da haɓa. "Ka kai musu gahawa, kowa da kowa, duk wanda ke tsaye a wurin. Ni ka kawo min shayi da na'ana'a."

Ya bi inda ta nuna da kallo. "Duka naki ne?"

Zaharadden ɗan fari ne, kuma Inno ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ko sunansa ba ta kamawa. Ta daɗe tana kallonsa ta cikin gilashin, yana dariya da wani saurayi da bai sani ba.

"Wancan dogon mai taurin kai," ta ce, "shi ni na haife shi."