Garin da Aka Shayar da Mota

"To ni na ce ya zo? Ni na aika masa?"

"Ba ka aika masa ba, Malam, amma ai bakinka ya riga shi isa bakin get."

Gwadabe ya ce, "Rage murya, Zuwaira, yana soro fa."

"Au, ashe ka san yana soro!"

Ta dangwarar da kwanon da ke hannunta, miya ta fallatsa a tabarma. Gwadabe ya tsura wa miyar ido kamar ita ce ta yi masa tambayar.

Shi Gwadaben nan direban babbar mota ne a wata masaƙa ta Sharaɗa, yana kai dilolin atamfa gari-gari. To kun san direba da baki. Da an busa jiniyar hutu sai ma'aikata su kewaye shi a gindin dalbejiya, ya hau raba wa garuruwa matsayi. Gusau, in ji shi, kafin ka kashe mota an shimfiɗa maka tabarma. Maraɗi za su ɗura maka shayi har sai ka roƙe su don Allah. A Azare wata tsohuwa ta taɓa bin motarsa da ƙwaryar fura tana kiran ya tsaya. Legas kuwa ka yi sallama a dube ka kamar ka yi ashar, amma wannan ma da sauƙi. Sai ya yi shiru, ya gyara zaman hula, ya bari a tambaye shi. Kullum kuma sai an samu mai tambaya.

"Gwadabe, ina ne ƙarshen rashin mutunci?"

"Kukar Ɗanja!"

Wani ɗan ƙauye ne can hanyar gabas. Shekarar da aka koma tuƙi hannun dama lagiretonsa ya tafasa a nan da tsakar rana. Mutanen gari suka fito, suka kai shi soron wani dattijo, suka ɗauko tulu biyu suka shayar da mota har ta ƙoshi. Shi kuwa, mai rai, ya zauna tun azahar har bayan la'asar maƙogwaro kamar soyayyen ƙashi, ko ɗigo ba a miƙo masa ba. Da injin ya huce ya fice ba sallama.

"Garin da mota ta fi ɗan Adam daraja!" Haka yake rufewa, a bushe da dariya. Labarin ya bi motocin ma'aikata ya isa Bompai, ya isa majemun Challawa, har ya zama abin tsokana: in mutum ya hana ka lomar ƙosai sai ka ce ko ɗan Kukar Ɗanja ne.

Abu ɗaya ne Gwadabe bai taɓa sakawa a ciki ba. Watan azumi ne. Shi ya ajiye nasa saboda tafiya, kunya ta hana shi faɗa, su kuma suka ɗauka yana ɗauke da shi. Da farko yakan tuna da wannan in yana ba da labarin, ya haɗiye. Daga baya ma ya daina tunawa.

Sai yau da hantsi aka yi sallama. Wani magidanci ne, Ashafa, da zabi biyu a hannu da ƙullin kaya a ka. Ɗan dattijon nan ne mai soro. Gonarsu ta ƙi shekara biyu, ya baro mata da 'ya'ya ya zo neman aikin masaƙa. Zuwaira tana bayan ƙyaure, wai shara take yi, ta kwashe komai da kunnenta.

Ashafa ya ce, "Baba ya ce in nemi baƙonmu direba, in gaishe ku. Ya ce har yau abin na cinsa. An yanka zakara, an dama kunun tsamiya, ana kiran magariba aka shigo da kaya soro, ba kowa. Ya ce don Allah in wani ne ya ɓata muku rai, ku yafe."

Gwadabe ya ji kamar an zuba masa ruwan lagireto a ƙeya. Ya ce babu komai, sauri yake yi.

Ashafa ya ƙara da cewa jiya ya je bakin get ɗin masaƙar su Gwadabe. Helma Bala, mai ɗibar leburori, ya tambaye shi garinsu, yana faɗa wurin ya kece da dariya. Wani ya ce a ba shi tulu ya shayar da janareta. Aka ɗebi na gabansa da na bayansa, aka bar shi a rana. "Ban gane abin dariyar ba, Malam. Ko hular tawa ce?"

Gobe ne za a yi ɗiba ta ƙarshe, kuma helma ba ya ɗaukar baƙon ido sai wani na ciki ya tsaya masa. Abin da ake yi wa faɗan ke nan.

Zuwaira ta ce, "Ka kama hannunsa da safe, ka je gaban Bala ka faɗi yadda aka yi. Shi ke nan fa."

"Ke ba ki san wurin nan ba. Su Idrisu makanike su ji na sha azumi, na zauna a soron mutane ina haɗiyar yawu, na zo ina zaginsu shekara da shekaru? Wallahi har in bar aiki sunana Sha-Azumi."

"Sunan ya fi na yanzu gaskiya."

Gwadabe ya juya wajen soro. Ta tsakanin ƙyaure yana hango ƙafafun Ashafa, duk faso, an jera silifa gefe ɗaya don kada a ɓata tabarma. Ya kawar da kai, ya sake dubawa. Mutumin ko tuwon da aka kai masa bai buɗe ba, yana jiran maigida ya fito su ci tare.

Gwadabe ya yi ƙasa da murya. "Akwai dabara. In kai shi Bompai, na san wani helma can. Sai dai in an tambaye shi ya ce shi ɗan Haɗeja ne."

Zuwaira ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Ya sauya garin ubansa? Uban da ya yanka maka zakara?"

"Na ɗan lokaci ne, kafin ya kama aiki."

"Kuma kai za ka fita ka gaya masa haka da bakinka? In ya ce don me fa?"

 Gwadabe ya cire hula ya leƙa cikinta, ya mayar.

Ta fizgi mayafinta daga kan igiya. "To zauna. Ni gidan helma za ni, wurin Hajiya Sauda matarsa."

"Sauda? Zuwaira, matar nan in ta ji abu kafin la'asar ya isa Dakata!"

"Shi ya sa ba wurin liman za ni ba."

"Zuwaira! Don girman Allah tsaya mu yi magana!"

Ta zura takalmi, ta fice ta ƙofar baya, ta maka ƙyauren langa-langa har ƙasa ta zubo daga bango.