Sabis a Ɗakin Inna

A unguwarmu, in kana son waya ta shiga, sai ka hau rufin shagon Kawu. Nan kaɗai ake samun sabis, shi ma sai ka tsaya jikin tankin ruwa ka ɗaga hannu sama. Mu masu ƙafa ba ruwanmu, tsani ne mu haye. Amma Inna gwiwoyinta sun daɗe da yin yaji, ko dakalin ƙofa sai an kama ta.

Ga Yayarmu tana aure can nesa, cikinta na fari ya tsufa. In za a yi waya da ita, ni auta ke hawa, Inna na tsaye a ƙasa ina kwararo mata saƙo. "Inna, ta ce ƙafarta ta kumbura!" Sai mai gyaran babur ya ɗago kai ya ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe!" Duk layin ya san halin da Yaya ke ciki. Abin da uwa za ta faɗa wa 'yarta a irin wannan lokaci kuwa ba na ihu ba ne. Inna sai ta buɗe baki, ta dubi mutane, ta ce, "Ce mata ina gaishe ta." Wallahi abin yana ci mini rai.

Ana haka muka ji a rediyo majalisar jiha ta yi doka: kamfanin da ya kafa ƙarfen sabis a unguwar da babu, an yafe masa harajin fili. Amma sai ma'aikatar sadarwa ta turo an auna, an tabbatar babu ɗin.

Ranar da injiniyar ma'aikatar ta zo ina wurin aiki, Kawu ne ya tare ta. Shi kuwa Kawu ba ya son a raina unguwarsa, ba ya kuma son baƙo ya wahala. Tana cewa sabis ta zo aunawa, ya ce, "Ai kin zo gidansa, ranki ya daɗe!" Ya haye da ita rufi, ya sa mata kujera jikin tanki, ya riƙe mata lema.

Na dawo na tarar tana saukowa, Kawu na riƙe da tsani yana washe baki.

"Unguwarku lafiya lau take," in ji ta. "Na'ura ta cika fal."

"Kawu! Ina ka kai ta?"

"Ka ji yarinya! Baƙuwa ta zo neman abu, na kai ta inda yake. So kike ta koma ta ce ba mu da komai?"

Kamar in yi kuka don haushi. Na bi injiniyar ina bayani, ta ce kowace unguwa haka ake ce mata, kuma wasu na jiranta. Sai ga muryar Inna daga ƙofa.

"'Yar nan, ba a zuwa ƙofata a wuce ba a sha ruwa ba. Shigo."

Kunya ta sa ta shiga. Ta zauna bakin gado, ta kurɓi ruwa, ta ciro waya za ta kira direbanta. Shiru. Ta je taga, ta miƙa hannu waje. Shiru.

"Sai kin koma sama," in ji Inna. "In kin gaji, ga auta ta hau ta kwararo miki. Haka nake magana da tawa 'yar, ga ta ta kusa sauka."

Injiniyar ta dubi gwiwoyin Inna, ta dubi tsanin ta taga. Sai ta sake kunna na'urarta. Gida-gida ta bi har la'asar, Kawu na gaba riƙe da jakarta. Da ya gane abin da ake nema, sai alfaharin ya juya. "Nan ma babu! Zo ki ga gidan tela, kaf jihar nan babu inda ya kai shi babu!"

Aka fara aikin ƙarfen a bayan makaranta. Kullum na wuce sai na tsaya na yi wa ma'aikatan sannu, a raina kuwa cewa nake, ku yi sauri, haihuwa ba ta jiran siminti ya bushe.

Wata safiya ina shara, wani kiɗa ya tashi a ɗakin Inna. Ta zabura.

"Ke, wayar wa ke kuka?"

"Taki ce, Inna!"

Ashe ko kukan wayarta ba ta sani ba. Na danna mata, na kara a kunnenta. Yaya ce, ba ta sauka ba tukuna. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu, idonta ya ciko. Na gyara zama kusa da ita, ina murna, kunnena a miƙe.

Ta harare ni. "Me kike jira? Fita, ki jawo mini ƙofa."

Na fita. Ni da Kawu muka zauna a dakali, muna jin dariyarta tana tashi, can ta yi ƙasa da murya. Har yau ban san abin da suka faɗa ba.