Ruwa Iya Cinya

Tun da Umma ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, Yaya ya zama likita, ya zama alƙali. An yi aiki, ƙashi ya haɗe, amma ƙafa ta ƙi ɗaukar ta. Bai shawarci kowa ba ya sayo keken guragu, ya sa aka share ɗaki a gidansa, ya ce nata gidan a sa masa kwaɗo. Ni auta ce, maganata a wurinsa da ta rediyon maƙwabta duk ɗaya.

"Ba inda za ni," in ji Umma. "Ina da gidana zan koma zaman cin arziki?"

"To ki tsaya da ƙafarki in gani, Umma. Ranar da kika tsaya ba mai riƙe ki, na janye."

Ya faɗa ne don ya tabbata ba za ta iya ba, kuma wannan ne ya ƙona min rai.

A asibiti akwai wani ɗan kwami na ruwan ɗumi, bai fi tabarma biyu ba, da matakala da ƙarfen dafawa. Likitar gashin ƙashi, wata siririya mai tsiwa, ta cika shi har wuyan Umma, ta ce ta saki ƙarfen. Umma ta saki. Ta tsaya cak, ta zaro ido.

"Ke 'yar nan, ina kika kai min nauyina?"

"Ruwa ne ya karɓa, Mama. Duk abin da ya shige shi, tura shi yake yi sama daidai nauyin ruwan da ya ture. Ke kuwa, tubarkalla, ba kaɗan kika ture ba."

Umma ta watsa mata daƙuwa tana dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Da na kai wa Yaya labari sai ya taɓe baki. "A ruwa ko buhun siminti ma ya yi sauƙi. Gidan nata kogi ne?"

Amma likitar da dabararta. Duk zuwan da muka yi sai ta rage ruwan: daga wuya zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa cibiya. Abin da ruwa ya saki, ƙafa ta ɗauka. Umma ta sha kuka, ta sha zagin ƙarfen nan, amma ba ta taɓa fashi ba.

Ranar da aka sauke ruwan iya cinya, Yaya ya zo da kansa, yana turo keken guragun da ya saya. Umma ta saki ƙarfe. Gwiwoyinta suka hau rawa, gumi ya keto mata, ta ɗan karkata hagu. Kafin in buɗe baki Yaya ya faɗa kwamin, da takalmi da agogo da komai. Shi ma ba baya ba ne wajen jiki, nan take ruwan ya hauro ya wuce zanen iyakar ruwa da likita ta yi a bango. Rawar gwiwar ta lafa.

Umma ta dubi zanen da ya nutse, ta dube shi.

"Fita."

"Umma, faɗuwa za ki yi."

"Ka shigo ka ɗaga min ruwa, gobe ka ce da taimakonka na tsaya? Na ce fita!"

Ya juyo wajen likita, ta kau da kai. Ya juyo wajena, na harɗe hannu. Haka ya hau matakala sumui-sumui, wando na zuba. Ruwan ya koma kan zanensa, nauyin Umma ya dawo mata, na ga shigarsa a fuskarta. Ta cije leɓe. Gwiwoyin suka sake ɗaukar rawa, hannunta ya nufi ƙarfe, ta janye shi ta dunƙule.

Ta tsaya.

Ba ta ko kalli Yaya ba, ta ce da likitar, "Rage ruwan."