Ɗigon Jan Farce

Tiyo biyu Alhaji Abdulbaƙi ya jiƙa a kwalbar man nan ya ajiye bakin taga, sati guda cur. Da matarsa Saude ta zo goge tagar ta tsamo su, ɗaya yana nan da ƙarfinsa. Ɗayan kuwa ya saki jiki, ya manne mata a yatsu kamar danƙo, baƙi ƙirin.

Ta daɗe tana kallon hannunta. Ƙasa, a titin Liuhua na ƙasar Sin, kekuna na wucewa kamar tururuwa, tukunyar miyar kukar da take sayar wa fataken Kano tana tafasa a bayanta, amma ba ta waiwaya ba.

Shekarar casa'in da takwas ce, lokacin da Kano ta zama layin mai guda ɗaya. Magidanci ya kai mota gidan mai ranar Litinin, sai Alhamis ya dawo da ita da turi. To, shi Alhaji ba ya ganin wahalar mutane sai ya hango kasuwa a ciki. Ya samu labarin wani mai da ake tatsa daga rake, itanol, ɗan uwan ogogoro na jini, har malaman zaure suna gardamar ko ya halatta mota ta sha. Wani abokinsa ya ce zai riƙa kawo shi duro-duro daga kudu. Saura kayan da za a sauya wa mota ciki ta karɓe shi: famfon mai, nozul, da tiyo. Musamman motocin masu hali, masu tarbo, abin nan da ke hura wa inji iska har ya yi jajir.

Saude tana zaune ranar da lawban, mai masana'antar, ya zo ɗakinsu da na'urar lissafinsa. Kwalin kayan na gaske dala tamanin. Alhaji ya ce a rage, mutumin ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu. Sannan ya yi murmushi ya buga sha biyu, ya ce akwai wanda suke yi wa 'yan Afirka. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, tiyon ne kawai na ruwa, ba na mai ba. Alhaji ya ce a yi masa arba'in da tara na sha biyu, guda ɗaya na tamanin.

Ranar da ta tsamo tiyon, da Alhaji ya dawo daga masallaci ta nuna masa yatsunta.

"Alhaji, in wannan ya fashe kusa da injin da ya yi ja fa?"

"Kafin ya fashe an yi wata shida. Mota kuma tana da ajalinta, kamar mai ita." Ya wanke hannu ya jawo kwanon tuwo. "Ke dai ba na Yayanki ne damuwarki ba? Shi na saya wa mai tsadar."

Gaskiya ya faɗa. A gidan Yaya Ƙasimu suka bar Najiba, 'yarsu tilo, tana aji biyar, kuma a motarsa mai tarbon ake kai ta makaranta kullum, tana kujerar gaba saboda ita ce 'yar lele. Saude ta buɗe akwati ta zaro kwalbar jan farce, wadda take ɓoyewa sai ranakun da ba ta salla, ta ɗiga babban ɗigo a kan kwalin mai kyau. Ta rubuta wa Yayanta wasiƙa: mai jan ɗigo shi ne naka, kada ka bari Tankari bakanike ya sa maka wani.

Sauran arba'in da taran ba ta sake kallonsu ba.

* * *

Bayan sati uku ta kai wa masu kago, 'yan aika kaya ta jirgi, abinci a wajen filin jirgin Baiyun. Mutawakilu, mutumin Kumasi da ke aika kayan Alhaji, yana tsugune gaban sikeli, yana naɗe wata jaka da salatif har ta koma kamar ƙulli. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, kuma bakinsa ba ya hutawa. Kafin ta sauke kula ya ba ta labarin wanda ya auri 'yar Sin a ɓoye da wanda 'yan sanda suka kama ba biza.

A bayansa kwalaye ne tsibi guda, an tattake su, ana jiran tsohuwar da ke saye. A can gefe ta hango ɗigon. Ja, ya ɗan zuba gefe, yadda ya zubo mata ranar.

Ta jawo kwalin. Ba komai a ciki.

"Mutawakilu, ina abin da ke cikin wannan?"

"Ai ya daɗe da isa Kano, Hajiya. Kai ba ka san aikinmu ba? Jirgi kilo yake ci. Kwali nauyi ne na banza, sai mu zazzage kaya a jaka ɗaya mu ɗaure. Kilo shida na rage wa Alhaji, ko na gode bai ce ba."

Ya ci gaba da jan salatif. Ita kuwa ta zauna kan wani buhu, kwalin a cinyarta.

* * *

Gidan Yaya Ƙasimu ba tarho, sai gidan Hajjo maƙwabciyarsu. Kwana biyu Saude tana zarya shagon buga waya na kusa da tashar jirgin ƙasa, layi ya ƙi shiga. Rana ta uku da la'asar, lokacin Kano safiya, aka ɗauka. Hajjo ba ta bari ta gama sallama ba, sai jaje: ashe ba ku ji ba, mota ta kama da wuta a hanyar Zariya, irin masu shan giyar nan, ƙofofi suka ƙi buɗuwa. Ta ajiye kan wayar ta tafi kiran Ƙasimu.

Saude ta tsaya tana jin kukan zakaran gidan Hajjo daga wata duniya. Ta ga kitson Najiba, ta ga farin hijabinta na makaranta a kujerar gaba.

"Saude? Lafiya?"

"Yaya, Najiba..."

"Ga ta can tana shan koko. Wai motar nan? Ba tamu ba ce. Ta wani Malam Shitu ce, malamin asibiti, da matarsa da yara biyu. Allah ya ji ƙansu."

"Alhamdu lillahi," in ji Saude.

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Mai shagon, da bai san me ta ce ba, ya ga fuskarta ta saki, ya yi mata murmushi.

Ta roƙi Yayanta ya jingine motar. Ya ce da ya ga ba wani jan ɗigo sai ya ɗauki na sama, kuma motar tana tashi kamar doki, amma tunda ta nace zai ajiye ta har a aiko da wani. Ya ce a gaya wa Alhaji kaya sun ƙare tas, mutane har rubuta suna suke yi. Kowa ya ce gudu ne ya kashe Malam Shitu.

* * *

Ta gaya wa Alhaji komai, har da yaran biyu. Ya yi salati, sannan ya ce laifin Mutawakilu ne. Da sati ya zagayo, kwalaye ɗari biyu aka shigo da su ɗakin, aka jera har saman taga, haske ya daina shigowa.

Ya zaro mai tsadar guda ɗaya daga ƙarƙashin gado ya ajiye mata a kan tabarma.

"Wannan karon a jikin ƙarfen za ki sa, ba a kwali ba."

Ya fita salla. Saude ta buɗe kwalbar jan farcen. Kaɗan ya rage a gindinta, ta karkata ta, ta lakato. Ta ɗiga a kan famfon, ta zauna tana hura masa iska don ya bushe, ta ba sauran baya.