Baiwar da Aka Musanya da Alfadarai Biyu

Duk tsibirin Moris an san sukarin gonar Mesiye Lavo, Baturen da ya mallake mu, kuma an ce aikin Lindor ne, mijina. Shi ke tsaye kan tukunyar ƙarshe a ɗakin dafa ruwan rake. Sai ya ɗebi ɗigo ya murza a yatsu, ya ce a kwashe. In an yi gaggawa sukari ba ya daskarewa, in an yi jinkiri ya ƙone. Ni Zabet, aikina kwashe kumfa da ludayi, kuma ba wanda ke kallona.

Abin da ba su sani ba, yatsun Lindor sun daɗe da mutuwa saboda ƙuna. Shekara tara ni ke sauraron tukunyar. Akwai lokacin da tafasar ke sauya murya, ta yi nauyi kamar tuwo na sulala. Da na ji, sai in buga ludayi sau biyu a bakin kasko, shi kuma ya murza yatsu yana ɗaure fuska, ya ce a kwashe.

Ana tsakiyar yankan rake Mesiye ya musanya ni da alfadarai biyu a wata gona can bayan dutse. Da safe aka ɗaura mini igiya.

Lindor ya biyo ni har ƙofa, ido ya yi ja. "Bari in je in faɗa masa gaskiya."

"Kul," na ce. "Ka faɗa, ya sa mini bulala in koya wa wata? Yi shiru, maigida. Ka dai ajiye mini rabona na rogo."

Na tafi ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na san rake: in an yanka shi, kwana biyu ya yi tsami, ba ruwansa da fushin Bature.

Tukunyar farko ta ƙone. Ta biyu ta ƙi daskarewa. Aka zane Lindor, ya ce shi dai tun da matarsa ta tafi hannunsa ya ƙi. Aka kawo wani gwani daga birni, ya ɓata tasa. Rake ya taru a tsakar gida, ƙuda suka samu biki.

Rana ta shida sai ga amalanke ya zo ɗaukata. Da ƙafa na tafi, a zaune na dawo, kuma alfadaran nan biyu ne suka ja ni.

Mesiye na tsaye a ƙofar ɗakin dahuwa, ya toshe hanci da hankici. "Ke, wane asiri kika yi wa mijinki?"

"Ni, ranka ya daɗe? Kumfa kawai na iya kwashewa."

Na shiga. Bayan Lindor duk sawun bulala ne, wannan kam ban yafe ba har yau. Na ɗauki ludayina na kasa kunne. Da tukunya ta sauya murya, na buga sau biyu.

"A kwashe," in ji Lindor, bai ko juyo ba.

Daga ranar ba a sake yin zancen raba mu ba.