Yadda Na-Goggo Ya Shiga Akwatin Wuta

Ni na sa wa abin nan suna, kuma duk wanda ya ce ba ni ba ne ya zo mu yi rantsuwa.

A masana'antar bokitin roba muke aikin wuta, ni da Na-Goggo. Wurin maigida ɗaya muka koyi sana'a, kuma kowa ya san hannuna ya fi nasa sauri. Shi kuwa ko gaishe shi ka yi sai ya yi jim kafin ya amsa, kamar mai neman izini.

A cikin akwatin wutar babban injin akwai wani ɗan ƙaramin abu, taima. Injin irin wannan ba a sakar masa wuta gaba ɗaya, sai ya fara a hankali, taimar ta ɗan jira, sannan ta ba shi cikakken ƙarfi. Wata rana mun danna maɓalli muna tsaye muna jira, sai na ce, "Ku yi haƙuri, Na-Goggo ne a ciki yana tunani."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Don in kunyata shi na faɗa, ba na ɓoyewa. Shi kuwa ya yi jim, ya yi murmushi, ya ci gaba da ɗaure waya.

Ashe riga na ɗinka masa. Kafin a jima duk masana'anta ba mai cewa taima. Daga nan sunan ya tsallaka zuwa layin masu sayar da kayan wuta, ka ji mutum na cewa, "Ba ni nagoggo biyu, masu kyau." Masu gidan ƙanƙara da masu injin niƙa suka riƙa zuwa bakin ƙofa suna neman mai sunan, wai tunda an sa wa abu sunansa ai shi ne gwaninsa. Ni ina tsaye da filaya a hannu, sai a ce, "Malam, don Allah kira mana shi." Abin ya yi ta cin raina, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Matata ta ce, "Kai da bakinka ka ba shi, mene ne na hura hanci?"

Na ce, "Ke ba ki san sana'a ba."

Sai na ƙudura ni ma sai sunana ya zauna a akwatin nan. Duna ake ce mini. Na zaɓi kwantakta, wadda ke kamawa da ƙarfi, ƙwas, ta ɗauki dukan wutar injin. Ita ce mai aikin gaske, taima ai ’yar rakiya ce. Na shiga cewa, "Miƙo mini dunar nan," a wurin aiki da shaguna. Ba wanda ya ɗauka. Na yi ta mita daga safe har tashi: wane ne ya fi iya aiki, wane ne ya raɗa sunan, wa aka zalunta. In na fara, abokan aiki sai su kalli juna.

Ran nan kaya suka yanke a layinmu, na tafi wani shago can ƙarshen gari inda ba a san fuskata ba. Ina jira sai wani mai gyara ya dire tsohuwar kwantakta a kan teburin shagon, ya ce wa mai shago, "Canza mini wannan, ta zama duna."

Murna ta kama ni. Na matsa, na daidaita murya, na ce, "Ɗan'uwa, me kuke kira duna?"

Ya ce, "Kai baƙo ne a sana'ar? Wadda ta lalace mana. Ba ta kama ba, ba ta saki ba, sai gunaguni take yi duk yini tana ɗaukar zafi, har ta ƙone kanta."

Na ce, "Daga ina sunan ya fito?"

Mai shago ya sa baki yana kakkaɓe kwali. "An ce wani ne a masana'antar bokiti. Shi Na-Goggon ma yana hana mutane faɗa, wai ɗan'uwansa ne."

Na ce, "Shi Dunan, gwani ne?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wa ya sani? Yaron Na-Goggo ne dai, ina ji."